Makarantar da Munka Yi wa Tubali

Ranar Laraba ce, an gama yankan gero, a shekarata ta huɗu a makarantar mishan da ke bayan Rara, zamanin Turawa. Baturen da ya kafa ta, wanda muke kira Mai Gilashi, ya tara mu ƙarƙashin tsamiya, ya bi mu ɗai ɗai yana shafa kawunanmu. Ya ce, "Hutu zan tahi. Ku riƙe karatunku, kahin damina ina nan."

Ba mu da dalilin shakka. Shi ya yi wa babana maganin kuturta har ciwon ya tsaya, baba kuwa ya ɗauki gonarshi ta dawa ya ba shi a gina makaranta. 'Yan uwanshi sunka yi ta faɗa, wai ya kai ɗa ga Nasara, sunka daina cin abinci da mu. Baba ya ce musu da asuba ina zuwa makarantar allo, da hantsi in tahi boko, wata rana in zama malami da takarda. Mu yara mu munka kwaɓa laka, munka buga tubali, munka ɗebo ruwa daga fadama a kan jakkai. Da anka aza kwano, har langa munka yi a fili don murna.

Bayan tahiyarshi munka ci gaba da shara da karatu wajen mataimakinshi, Malam Bitrus. Kullum sai mun goge tebur ɗin Bature. Damina ta zo ta wuce. Rannan sai ga babbar mota da leburori, sunka hau suna ɓamɓare kwanon.

Na ruga na ce, "Malam, mi anka yi?"

Ya sunkuyar da kai. "An ruhe ta tun kahin ya tahi. Shi ya ce kar in gaya muku."

Baba ya zo ya tsaya, ya dafa bangon da dungun hannunshi. Bai sake zama majalisa ba har ya rasu, ni kuwa na koma noman albasa.

Yau jikokina na zuwa makaranta a Rabah, in an yi hutu sun san ranar komawa. Ina murna da su. Makaranta kan mutu, wannan na daɗe da yahewa. Amma mutumin nan ya dubi idonmu, ya san ba ya dawowa.