Baƙi Biyu Ranar Sunan Ɗiyata

A Riyad na haifi ɗiyata ta biyu, lokacin maigidana yana aiki a ofishin jakadanci. Ranar suna na gayyaci maƙwabciyata 'yar Chile, matar wani injiniya, da wata nas 'yar Romaniya da ta riƙe hannuna a ɗakin haihuwa.

Matar ogan maigidana ce ta karɓe hidimar. Ta zaunar da 'yar Chile a tsakiyar falo, ta sa aka cika mata faranti da naman rago. Nas ɗin kuwa ta miƙa mata tire, ta nuna mata kicin da baki.

Na ja ta gefe na ce, "Hajiya, ita ma baƙuwata ce."

Ta ce, "Maijego, ba ki san garin nan ba. Mutanen Chile kamfani ke kawo su, da gida da direba. Waɗannan kuwa a ɗaki ɗaya suke cunkushe. Me za ta tsinana miki?"

Tana magana tana suɗe maiƙon yatsunta. Na bar ta nan na nufi kicin.

Na tarar da nas ɗin tana wanke kofuna tana murmushi, a zatonta al'adarmu ce. Na karɓe soson, na kai ta ɗakina, na ɗora mata jaririyar a cinya. A can muka ci abinci, ban sake leƙa falon ba sai da Hajiya ta tafi.