Uwar Tanderu da Ƙashin da Ta Ƙi Saki

Kafin kowa ya iso ɗakin gwaje-gwajen asibiti, Uwar Tanderu ta riga ta goge sikeli ta kunna wutar tanderun gashi. Shekara ashirin da bakwai tana gasa wani farin gari ya koma kamar tangaran, likitoci su cike gurbin ƙashin da ya dagargaje da shi. Tana sa masa azurfa 'yar mitsitsi. In ta yi daidai, ta kashe ƙwayoyin cuta. In ta zarce, ta haɗa da naman mutum.

Ni dai da faɗa na san ta. Mota ta murƙushe wa mijina ƙauri, likita ya ce in ciwon ya soma ruɓa, yanke ƙafar za a yi. Ana gobe tiyata aka ce wata mata ta hana guntun ƙashin tangaran da za a sa masa. Na haura bene wurinta raina a ɓace.

Na tarar Uwar Tanderu ce, tana juya guntun a bakin taga, wai ya fito da duhu-duhu alhali fari tas ya kamata. Shugaban sashen na tsaye yana cewa takardu sun nuna komai daidai, kuma kwana biyar ɗin da take nema don a gwada shi ta gasa sabo ba lallai ƙafar ta jira ba. Ni kuwa ba abin da ban gaya mata ba, har muguwa na kira ta.

"Ƙanwata, da hannuna na auna azurfar nan," ta ce. "In kuskure ne, nawa ne. Ba zai shiga jikin mijinki ba."

Saura wata biyu ta yi ritaya, amma ta rubuta sunanta a takardar laifi, ta koma ta aza sabon gashi. Kwana biyar ina sunsunar bandejin mijina ko zan ji warin ruɓa. A rana ta biyar sakamako ya fito: ƙwayoyin naman da aka gwada da guntun farko duk sun mutu, ashe azurfar ta zarce. Sabon guntun aka sa wa mijina.

Uwar Tanderu, ke ce kika tona asirin kanki don ƙafar mutumin da ba ki taɓa gani ba. Ki yafe mini bakina, Yaya, wallahi har yau ina jin kunya. Mun gode, Allah Ya saka. Ku masu aikin da ba a ganinku, in hannunku ya kauce ku faɗa tun da wuri. Mijina yana ɗingishi, amma da ƙafarsa ya taka zuwa walimar ritayarki.