Motar da Ba a Turawa

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ina yaron mota a tashar Kazaure. Mu biyu ne a hannun maigidanmu, ni da abokina. Motar wata tsohuwar akori-kura ce, muna ɗibar 'yan kasuwa da buhunan gyaɗa da gero tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa, wani lokacin har Babura in an samu lodi.

Motar nan tana da hali ɗaya. Kik ɗinta ya mutu tun kafin in zo, ba ta tashi sai an tura. Saboda haka kullum da yamma a kan gangare maigida yake ajiye ta, mu sa mata weji a ƙarƙashin taya. Da safe mu zare wejin mu sa kafaɗa, shi yana ciki ya sa giya ta biyu, sai ta ɗauki gudu ya saki kuloci, ta yi tari ta kama. Mu bi ta a guje mu ɗane baya. In kuwa a hanya ta mutu, fasinja kowa sai ya sauko, har mai babbar riga, a tura. A wurin turin nan ake sanin juna. A yi ta tsiya, wannan ya ce wancan hannu kawai ya ɗora, wancan ya ce ai shi kuɗin zama ya biya ba na dako ba.

Maigida ba shi da ɗa namiji. Yakan ce mana, "Ranar da ƙafata ta gaji, motar nan ta ɗayanku ce." Sai ya nuna ni da haɓa. "Kai ne babba. Amma sai ƙafarka ta san kuloci."

Sai dai koyarwarsa ba ta da sauri ko kaɗan. Damina ta wuce, rani ya wuce, ina wanki ina faci ina ɗaure kaya. Iyakar abin da na samu shi ne in riƙe sitiyari daga gefensa a miƙaƙƙiyar hanya, ƙafafunsa suna ƙasa suna aikinsu. Na gaji da turi. Kafaɗata har kanta ta yi.

Ana nan sai wani Alhaji ɗan garinmu, wanda ya samu kwangila a Kano, ya zo gida da wata doguwar mota baƙa. Yana neman direba ɗan gida wanda zai amince da shi. Kawuna ne ya kawo mini maganar. Na ce ai ban gama koyo ba. Ya ce, "Wannan ba ta buƙatar koyo. Otomatik ce, da kanta take canza giya. Ba ta da kuloci sam. Ƙafar dama kawai, ta hagu ka ajiye ta ta huta."

Na samu abokina yana ƙarƙashin akori-kura yana ɗaure salansa da waya, na gaya masa. Bai ko fito ba ya ce, "To in ta mutu fa?"

Na ce, "Irin wannan ba ta mutuwa."

"Kowace mota tana mutuwa, mutumina." Ya turo kai waje, fuska duk baƙin mai. "Ka bari ka iya wannan tukuna. Wanda ya iya mai giya, waccan wasa ce a wurinsa. Amma in ka fara da waccan, ka zama direban mota ɗaya tak a duniya."

Na ce Alhaji ba zai jira ni ba. Wannan kam gaskiya na faɗa. Na ƙara da cewa shi ya zauna ya yi ta turi har ya yi doro. Ya yi dariya ya koma ƙarƙashin mota.

Maigida bai hana ni ba. Da na durƙusa na yi masa sallama cewa ya yi, "Allah ya sa alheri. Ƙafar hagun dai kada ka bari ta yi barci."

A Kano cikin 'yan kwanaki na iya. Aka ɗinka mini fararen kaya da hula, aka ba ni ɗaki a bayan gida. Da safe in murɗa makulli, mota ta tashi ba tari ba gardama. Ranar farko har sai da na waiwaya, ina neman wanda zan yi wa dariya, ba kowa sai bangon gareji.

Alhaji ba mugu ba ne, bai taɓa zagina ba. Amma maganarsa da ni ba ta wuce "mu je" da "tsaya nan". Yana baya yana duba takardunsa, gilashi a rufe saboda sanyin mota. Ni da na saba da hayaniyar mata 'yan kasuwa da kukan awaki a bayana, sai ga ni ina tuƙi ina jin numfashina. In ya shiga ofis in yi ta jira a waje. Direbobi kan taru a gindin bishiya suna hirar aikinsu, wannan ya ce kulocinsa ya yi sama, wancan ya ce giya ta uku tana fita da kanta. In sun yafuto ni sai in ce ina zuwa, in ɗauki tsumma in hau goge gilashin da na riga na goge. Tsoro nake kada wani ya ce in matsar masa da mota. Da yamma in ci tuwona ni kaɗai a bakin ƙofa. Wallahi sai na tarar ina kewar turi, abin da na gudo dominsa.

Haka na yi shekaru. Sai labari ya zo mini cewa ƙafar maigida ta hagu ta fara ba shi wahala, ba ya iya taka kuloci sai da cije baki. Na ƙudura a raina cewa in mun je gida da Sallah zan roƙe shi ya mayar da ni. Na gaji da zama ni kaɗai a cikin sanyi. Na ma shirya abin da zan faɗa: Baba, ban iya ba, a koya mini daga farko.

Washegarin Sallah na sauke Alhaji a gidan 'yan uwansa, na wuce tasha da doguwar motar. Kuskurena na farko ke nan, da a ƙasa na je. Kafin in fito an kewaye ni. "Direban Alhaji! Direban birni!" Wannan ya taɓa hulata, wancan ya leƙa ciki ya ce sanyi kamar randa. Ni kuma kaina ya fara kumbura.

Maigida yana zaune a kan benci, ƙafa a naɗe da tsumma. Akori-kura ta cika da masu zuwa yawon Sallah Roni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ciro makulli daga aljihu ya miƙo mini.

"Madalla, babban yarona ya dawo. Tashi ka kai mu Roni, yau ni fasinja ne."

Ga wurin faɗin maganar da na shirya. Na buɗe baki, na ga idanu a kaina, sai na ji kaina ina cewa, "To, Baba."

Na shiga na zauna. Abokina da 'yan tasha suka sa kafaɗa. Na san giya ta biyu ake sawa, na sha gani. Amma gani daban. Tun kafin ta ɗauki gudu na fizge ƙafa, mota ta yi tsalle ta cije, masu turi suka gwaru da bodi. Aka yi dariya. Aka sake. Wannan karon na danne kulocin na manta ban saki ba, suka tura ni har ƙarshen gangare suna haki. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Yaro, Roni za mu ko kuwa a kafaɗa za a kai mu?" A karo na uku na hango maigida a madubi. Ya taso da ciwon ƙafarsa, ya ɗora hannu yana turawa tare da su. Na rikice na taka birki.

Na fito gumi ya jiƙa fararen kayana. Abokina ya matso ya ce a hankali, yadda ba wanda zai ji, "Ka zauna a gefe, ni in tayar, sai mu tafi tare."

Ya ba ni mafita. Ni kuwa sai na ɗaga murya na ce, "Wannan gwangwanin ai ba mota ba ce. Mu a birni an daina shiga irin wannan, sai dai a sayar wa maƙera."

Maigida ya ɗingiso ya zo. Ya shafa bodin motar kamar yadda ake shafa wuyan doki, ya karɓi makullin daga hannuna ya ba abokina. Turi ɗaya ta kama. Suka ɗauki hanyar Roni, 'yan tasha suka watse, aka bar ni tsaye kusa da doguwar mota baƙa. Na shiga na murɗa makulli, ta tashi nan take, ba ta nemi taimakon kowa ba.

Ban ƙara taka tashar ba. In mun zo Kazaure ta bayan gari nake bi. Kullum ina cewa sai Sallah mai zuwa zan je in ba shi haƙuri.

Wata rana da rani Alhaji ya aike ni Babura in kai saƙo. A hanyar dawowa na tsaya na yi sallar azahar a gefen titi, na dawo na murɗa makulli, shiru. Batir ya sauka. Mutanen wani ƙauye da ke kusa suka gan ni, suka zo da kirkinsu, manya da matasa. "Shiga, direba, mu tura ka." Na ce irin wannan ba ta tashi da turi. Ba su yarda ba, wai duk motar da suka taɓa turawa ta tashi. Suka tura, suka tura, har suka gaji. Wani dattijo ya share gumi ya ce, "To ɗana, motar da ba a turawa ai mu ba mu da abin yi mata. Allah ya kawo mafita." Suka koma garinsu.

Na zauna a inuwar wata ƙaya. Motoci jefi-jefi suke wucewa, ba mai tsayawa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yinin nan ba. Sai da rana ta yi sanyi na jiyo wani tari daga nesa, wanda ko cikin barci na ji zan gane.

Abokina ya tsaya. Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu. Ya leƙo ya ce, "A'a, ashe tana mutuwa?"

Iyakar tsiyar da ya yi mini ke nan. Ya kashe akori-kura, ya kwance batirinta, ya ɗaura a tawa. Na murɗa, ta tashi. Yana mayar da kowane batir wurinsa, kansa a cikin bonet, na ce, "Ina Baba?"

Bai ɗago ba. "Baba ya rasu da damina. An aika gidan Alhaji, aka ce kun yi tafiya." Ya ƙara ɗaure kan batir. "Yakan tambaye ka. Cewa yake, ko yaron nan ya koyi kulocin kuwa? In ce masa ya koya. Ya ce to madalla."

Ya rufe bonet ya goge hannu, ya dubi motarsa da ya kashe saboda ni, ya dubi fasinjansa, yawanci mata da tsofaffi.

"To direban birni, sai ka taimaka."

Na cire hula na ajiye a kan tawa motar. Na je bayan akori-kura na sa kafaɗa daidai inda na saba sawa, wurin har ya lotsa. Na tura da duk ƙarfina, ina kuka ba wanda ya gani. Ta yi tari ta kama. Ƙafafuna suka so su bi ta in ɗane baya kamar da, sai na tuna akwai motar mutane a hannuna. Abokina ya fito da hannu ta taga ya ɗaga mini, suka tafi.

Daga baya kwangilar Alhaji ta ja baya, doguwar motar ta lalace aka rasa kayan gyaranta, aka jingine ta. Na dawo gida da lasin a aljihu, ba motar da zan iya ja. Da ƙafata na je gidan abokina na faɗi maganar nan da na kasa faɗa a tasha. Bai yi dariya ba. Bayan an cire amfanin gona ya riƙa kai ni wani fako a bayan Roni, inda ba mai kallo sai shanu. A can na koyi sakin kuloci, gemuna ya fara furfura. Abin bai ma yi wuyar da nake tsoro ba, wannan ya fi komai ci mini rai.

Kwanan baya jikata ta tambaye ni wacce za ta koya, mai giya ko otomatik. Na ce ta fara da mai giya in ta samu mai haƙurin koya mata, don kada wata rana a miƙo mata makulli ta tsaya kallo. Amma na gaya mata otomatik ba ta yi mini laifin komai ba. Ta kai ni duk inda aka aike ni. Ni ne aka ba ni dama har sau biyu a rana ɗaya in ce ban iya ba, na zaɓi in zagi motar da ta ciyar da ni, a gaban mutumin da ke tura ni da ƙafa mai ciwo.

Abokina ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu duka. Yanzu yawanci ni kaɗai nake zama a ƙofar gida, motoci suna wucewa gilashi a rufe. Amma in na ji an ce "jama'a a taimaka a tura", sai in jawo sandata in tashi. Matasa su ce, "Baba, koma ka zauna, ai hannu kawai ka ɗora." Gaskiyarsu ne, hannun kawai nake ɗorawa. Ba na ɗaukewa dai sai na ji ta kama.