Ƙarfen da Ba Ya Son Wuta

Aikin naɗin waya wahala ne, ba wani daɗi a ciki. Shekara tara na yi a Birnin Kebbi ina naɗa taransifoma da injin ban ruwa na masu albasa, tun muna cikin Jihar Sakkwato. Yatsuna har yau ba su miƙewa sosai.

Ni ɗan maƙeran Argungu ne, aji huɗu na tsaya. Maigidana kuwa ya yi karatun lantarki har waje, kuma shi kaɗai ne bai taɓa yi mini dariyar rashin boko ba. Da ya samu babban aiki a Sakkwato sai ya ce mutum ɗaya zai tafi da shi. Ya ciro wani zoben ƙarfe daga akwatinsa, faɗinsa kamar bakin kwano, ya ce in naɗa shi kafin ya dawo daga Ambursa ran Laraba. In ya yi kyau, da ni za a tafi.

Ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙarfen taransifoma da muka sani falle-falle yake. Wannan kuwa zare ne mai faɗi, siriri kamar ɓawon albasa, an nannaɗe shi. Na ɗan lanƙwasa bakinsa, ya ɓalle. A gidanmu in ƙarfe ya yi gardama wuta ake kai shi, ya yi ja, a bar shi cikin toka ya huce. Haka ubana ya yi, haka kakana. Na hau mota zuwa Argungu, na sa shi a maƙerar yayana, har ina jin daɗin dabarata.

Na naɗa shi tsaf. Da maigida ya dawo muka ba zoben wutar lantarki, sai gurnani, kafin a jima ba ya taɓuwa don zafi.

"Ɗan maƙera, mi ka yi mai?"

"Gasa shi na yi, Maigida, ya yi taushi."

Ya zauna a kan benci. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ƙarfen nan an haɗa shi da wasu sinadarai biyu, silikon da boron, aka sanyaya shi farat ɗaya tun yana ruwa, shi ya sa ba ya da tsaki a ciki, wato ƙananan ƙwayoyin nan da ake gani in ƙarfe ya karye, sumul yake kamar gilashi. Rashin tsakin ne ke barin maganaɗisu ya yi ta juyawa ba tare da zafi ba. Wutata ta tsiro masa da tsaki manya. Ya ce ya ji ana ƙara ɗan jan ƙarfe da wani sinadari don tsakin ya fito ƙanana, amma ko shi da awo ake gasa shi, ba da zuga-zugi ba.

"Guda ɗaya gare ni," ya ce. "Laifina ne da ban gaya maka ba."

Da wani ya tafi. Ban ƙara samun mai zaunar da ni ya yi mini bayanin ƙarfe kamar ni ma mutum ne mai ganewa ba. Wannan nake kewa, ba Sakkwato ba.

Washegarin ranar da muka gwada shi da safe na kwance wayar, na nannaɗe zoben a tsumma na sa a ƙasan akwatina, na jawo injin wani mai albasa daga Augie na fara kwancewa.