Jirgin Zauren Abdulsalami

A Birnin Kudu, in ka ce kana neman Abdulsalami mai rewaya, sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce Kyaftin, ko mai sayar da rake zai nuna maka gidansa. Mutumin Dingaya ne, can ƙasar Gwaram, gajere mai faɗin kafaɗa, kullum da sukundireba maƙale a bayan kunne. Bai taɓa tashi a jirgin sama ba, amma hakan bai hana sunan bin sa ba.

Abin ya samo asali tun yana saurayi. Wata damina tsuntsaye suka addabi gonakin gero, aka turo wani ɗan ƙaramin jirgi ya yi feshi. Kowa ya gudu gida ya toshe hanci, shi kuwa Abdulsalami ya bi jirgin da gudu cikin kunyoyi, kai a sama, har ya afka kududdufi. Da aka tsamo shi, ko taɓon fuskarsa bai share ba ya ce, "Shi direban, yaya yake gane hanya, alhali babu kwalta a can?"

Tambayar nan ce ta kai shi Kano. Ya koyi haɗa wayar mota, daga baya Allah ya haɗa shi da wani injiniya mai sa wa ƙananan jirage agogunan gaban matuƙi. Aikin Abdulsalami riƙe tocila ne da miƙa filaya, amma idonsa na kan komai. Ya ga yadda ake huda farantin gaba, a zura kowane agogo a raminsa, a ɗaure da noti, a bi bayansa da waya da siririn tiyo. Ya gane mai nuna tsayi, da mai nuna gudu, da wanda ke faɗa wa matuƙi ko jirgi ya karkata. Sai dai zamansa bai yi tsawo ba. Wata rana aka same shi a kujerar matuƙi, jirgi na fake a rumfa, yana ƙarar inji da baki yana ɗaga wa bango hannu. Aka ce ya je gida ya huta, za a neme shi. Har yau bai ji kira ba.

Ya dawo Birnin Kudu ya kama gyaran fitilun motoci da babura, ya auri Lailatu, mace mai haƙuri da kaifin baki, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da zama ya zauna, sai ya sayo kan wata tsohuwar a-kori-kura wajen 'yan gwangwan. Sai da aka fasa ƙofar zaure kafin ya shiga. Ya ɗora shi a kan sifirin ɗin mota don ya riƙa lilo, ya cire gilashin gaba ya sa talabijin, ya haɗa ta da wata tsohuwar kwamfuta mai wasan tuƙin jirgi. Sannan ya kawo katako ya shafa masa baƙin fenti, ya huda ramuka, ya fara jera agoguna.

Na gudu bai ba shi wahala ba, na mota ya sa. Na tsayi kuwa da agogon mai ya yi shi: in jirgi na ƙasa allura tana wajen babu, in ya lula sama ta tafi wajen cike. Na karkata ne ya gagara, har ranar da ya ga Lailatu ta kwantar da kwalbar man gyaɗa. Ya ɗauke kwalbar da rabin mai a ciki, ya ɗaure ta kwance a tsakiyar katako, in jirgi ya karkata man ya nuna. Ya kafa fanka ta gefe don iska. Daga ƙarshe ya ja waya daga zaure har madafa, ya rataye makirfo da lasifika kusa da murhu, ya ce wa matarsa, "Daga yau ke ce hasumiyar filin jirgi. Ba tashi ba sauka sai da izininki."

Lailatu ta dube shi ta ce, "To Malam, da bakinka ka faɗa."

Yana da ƙanin uba a Fagam, Bappa Ismail, mai shanu, dattijon da ke kama bijimi ta ƙaho ya kayar. Da ya sami kujerar Makka, sai barci ya ƙaurace masa, don ya ji an ce jirgi ba ya tsayawa a hanya ko da mutum ya ce a sauke shi. Ya hau mota ya zo Birnin Kudu da hantsi, riƙe da sandarsa, ya ce, "Audu, an ce kana da jirgi a ɗaka. Ina so in saba kafin ranar."

Abdulsalami ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Ya zaunar da Bappa, ya ɗaure shi da bel, ya kifa masa abin saurare a kunne, ya kunna fanka. Talabijin ta nuna dogon titi, gidaje suka fara gudu baya, sai ga ƙasa ta yi ƙasa. Kan motar ya ɗaga a kan sifirin. Bappa ya danƙe sanda da hannu biyu, bakinsa na motsi.

Ashe da safen nan Abdulsalami ya sake liƙe wayoyin agogon tsayi, cikin sauri ya juya su. Suna ƙara sama allura na gangarawa wajen babu. Bappa kuwa yana da babur, ya san agogon mai sarai.

"Audu, mai na ƙarewa!"

"Ba mai ba ne Bappa, tsayi ne."

"To tsayin ma ƙarewa yake yi!"

Kafin ya gama bayani sai wani dum, dum, dum ya cika musu kunne. Bappa ya zabura ya ce inji ya buga. Abdulsalami ya ce, "Kwantar da hankalinka, hasumiya ce ke daka." Wannan bai kwantar da komai ba. Gumi ya jiƙa wa dattijo rawani, ya ce a sauka haka nan, ya saba.

Abdulsalami ya gyara murya ya danna makirfo. "Hasumiya, hasumiya, Kyaftin ne. Muna neman izinin sauka."

Dakan ya tsaya. Muryar Lailatu ta fito, don ba ta san wa aka ɗauko ba. "Malam, ina kanwar da na ce ka sayo tun jiya?"

"Lailatu, da fasinja nake."

"Ai sai ku yi ta zagaye ku da fasinjan, har kanwa ta zo."

Bappa ya fizge makirfo. "'Yar nan, ni ne Bappanku na Fagam. Don girman Allah ki ba mu izini, ni zan sayo kanwar, har da gishiri!"

Da Lailatu ta ji muryar surukinta, kunya ta kama ta. Ta yar da taɓarya, ta ruga ɗaka ta ja labule. Suka yi ta kira, hasumiya shiru. Abdulsalami kuwa mutum ne mai bin doka, ya ce ba zai sauka babu izini ba, ya karya sitiyari suka shiga zagaye. Man gyaɗa ya kwanta gefe guda, Bappa ma ya kwanta gefe guda. Ana cikin haka batirin da ke ba su wuta ya ƙare. Talabijin ta yi baƙi ƙirin, fanka ta tsaya cak.

Bappa bai jira komai ba. Ya ɓalle bel, ya banka ƙofa da ƙafa, ya rufe ido, ya yi bismilla ya daka tsalle. Tsakaninsa da ƙasa bai kai kamu biyu ba. Ya dira a kan gwiwa gaban wani makwabci, Safiyanu, da ya kawo gyaran fitilar babur yana tsaye yana ta sallama. Tsallen ya girgiza kan motar, murfin kwalba ya fice, man gyaɗa ya juye kaf a cinyar Kyaftin.

Bappa ya buɗe ido ɗaya, ya shafa ƙasa, ya ce, "Bawan Allah, nan wane gari ne?"

Safiyanu ya ce, "Birnin Kudu, Baba."

Dattijo ya ce, "Duk wannan wahalar, nan muka dawo?"

Ranar Bappa bai iya cin tuwo ba, fura kawai ya sha. Amma alkawari kaya ne, kafin ya hau motar Fagam sai da ya aiko da kanwa da gishiri. Lailatu ta yi kwanaki ba ta yi wa mijinta magana sai da ido.

Da lokaci ya yi Bappa ya tafi, ya sauke farali, ya dawo lafiya. Masu zuwa barka suka tambaye shi labarin jirgi, ya ce shi bai ga komai ba, tun kafin a tashi barci ya kwashe shi, don tsoronsa duk ya ƙarar da shi a zauren Audu. Maganar nan ta zaga har can garin Basirka. Yanzu duk shekara sai ka ga maniyyata sun yi layi a kan benci a ƙofar gidan, ana shiga da su ɗaya bayan ɗaya suna fitowa suna dafa bango. Lailatu ta karɓi aikinta na hasumiya bisa sharaɗin a riƙa faɗa mata sunan fasinja kafin a tashi.

Tsarabar da Bappa ya kawo wa Abdulsalami 'yar na'urar nuna alƙibla ce. Ya huda sabon rami a katako ya sa ta, ya ɗaure da noti. Da yake kan motar gabas yake kallo kuma ba ya juyawa, duk yadda ya murza sitiyari allurarta ba ta motsi. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya fara yi wa magina maganar yadda za a ɗora kan motar bisa wani abu mai juyawa. Lailatu ta ce a yi duk abin da za a yi, amma kada a kuskura a ɗauke mata injin niƙan gyaɗa yadda aka ɗauke kwalbar mai.