Waƙoƙin Inna a Faifan Baba

Baba ya yi aikin taifa, mai buga takardu a ofis, har ya yi ritaya, sannan ya samo wata tsohuwar kwamfuta mai koren allo ya kafa ta a zaurenmu a unguwar Bolewa. Da ita ya rubuta waƙoƙin niƙa da Inna ta gada wurin kakarta, da yaren Karai-Karai. Tana rerawa yana bugawa da ajami, ya ce ta maimaita, ta ce ya cika fitina. Mu 'ya'yan da Hausa muka tashi, ko gaisuwar kirki ba mu iya da yarenta ba.

Bayan rasuwarsa kwamfutar ta daina kamawa, ɓeraye suka mai da ita gida. Ni ce na kira mai gwangwan ya ɗauke ta, har ina yi wa ƙannena masifa wai zaure ba bola ba ne. Faya-fayan da aka adana waƙoƙin a ciki kaɗai na naɗe a ƙyalle, don Baba ya rubuta bisimilla a bayan kowanne, ba a yar da irin wannan.

Bara mantuwa ta fara cin Inna. Sai ta soma waƙa ta tsaya a tsakiya, ta yi ta kallon hannunta. Wata rana ta ce, "Ku karanto mini abin da mahaifinku ya rubuta, in kun fara zan ƙarasa."

Na kai faya-fayan wurin wani dattijo mai gyaran kwamfuta a hanyar kasuwar shanu. Ya ce laftof ɗina ba ta da amfani a nan, ba ta da bakin da faifan zai shiga. Ya jawo wata tsohuwar kwamfutar tebur daga ƙarƙashin benci, ita ma ta sha jiki, amma ta fi ta Baba ƙuruciya. Ya ce za a sa mata manhajar da za ta sa ta riƙa kwaikwayon ta Baba, kamar ɗa yana kwaikwayon muryar ubansa. Sai dai ƙwaƙwalwarta ba ta isa ba, dole a ƙara. Kuma dole a rage mata gudu, in ba haka ba tsohuwar manhajar da Baba ya yi rubutun da ita ba za ta tashi ba. Mako uku ina zirga-zirga. Yau ya ce ƙwaƙwalwar da aka samo ba ta dace ba, gobe ya ce babu wuta. Na yi masa faɗa ba sau ɗaya ba, bawan Allah sai dai ya ci gaba da aikinsa.

Ranar da ta tashi, wallahi allon Baba na gani sak, har da ɗan layin nan mai ƙiftawa. Hawaye suka zubo mini. Sunayen waƙoƙin suka jeru, ya danna na farko, sai wani saƙo ya fito da Larabci.

"Hajiya, makulli take nema," in ji dattijon. "Wani ɗan abu ne kamar kwalin ashana, ana soka shi a baya inda wayar firinta take shiga. In babu shi manhajar ba ta buɗe rubutu. Na kwaikwayi komai, shi ne ban iya ba. Yana jikin tsohuwar kwamfutar mahaifinki. Ina take?"

Na san abin. Na gan shi maƙale a bayanta lokacin da mai gwangwan yake ɗora ta a kura.

Ya yi ta ƙoƙari har la'asar, rubutun yana fitowa a wargaje, babu harafi biyu da ke haɗuwa. Na naɗe faya-fayana na dawo gida.

Inna tana tsakar gida a kan tabarma. Ta ce, "Ya buɗe?" Na gaya mata gaskiya, har da laifina, ina jiran ta zage ni don in ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta ce in zauna in kawo takarda, za ta faɗa mini da kanta. Ta rera baiti biyu, na rubuta yadda kunnena ya ji, ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Sai ta tsaya.

"Me ke biye?" ta tambaye ni.