Agogon Zafin da Tasi'u Bai Samu Cirewa Ba

Assalamu alaikum, Yaya Dabo.

Ka gafarce ni da zan dame ka da takarda alhali ko tabarmin zaman makoki ba a naɗe ba. Da akwai wata hanya, wallahi da ita na bi. Kai ne yayan mamacin, kai ne kuma babba a tashar Ɗambatta, shi ya sa ban ga wanda zan nufa ba sai kai. In ka ga ya dace, ka sa a karanta wa direbobi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba sha ɗaya ga watan Safar, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran ƙaninka Tasi'u mai gyaran wayar mota, ɗan kawuna, abokin wasana, maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba mu. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Muna cewa irin na damina ne, ashe tafiyar ce ta zo.

Tasi'u, bari in faɗa wa mutane abin da na sani game da kai, tunda kai ba ka iya faɗar alherinka ba.

A shekarun nan da hatsi ya gagari mai gona, mai ya gagari mai mota, ba wanda ke canja mota. Tsofaffin ake lallaɓawa, yawancinsu kuma agogunan gaban direba sun daɗe da mutuwa. Mutum ba ya sanin injinsa ya ɗau zafi sai ya ga tururi, lokacin an riga an makara. Tsayuwa a daji kuwa yanzu ba irin ta da ba ce. Kowa ya san abin da ake tsoro a hanyoyinmu, ba sai na rubuta ba.

Kai ka fara sayo ƙananan agoguna masu allura daga Kano kana sa musu. Akwai ɗan ƙarfen nan kamar yatsa da kuke kira sensa. Sai ka ɗaure ta a inda ruwan zafi ke fita daga injin zuwa lagireto, ka ja waya zuwa agogo, wata zuwa makulli, wata a jikin ƙarfen motar. Masu ɗaukar buhuna kuwa har agogon baƙin mai kake sa musu. Na tuna wani dattijon direba da idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi. Ka karɓi jan farcen matarka Hure ka ɗiga a fuskar agogon, ka ce, "Baba, in allura ta taɓa jan nan, ka tsaya ko da sirikarka ce ke jiranka."

Amma ba ka yarda da sensa sai ka dafa ta. Garejinka na jikin katangar madafata, ta Hure kuwa tana can ƙarshen gida, waya ba ta kaiwa. Sai ka jefo mini ita ta saman katanga da dogayen wayoyinta, ka ce, "Barira, ga naman miya, a sa a tukunya." In ce, "Marowaci, yaushe za ka jefo na gaske?" Ka ce, "Ranar da kika iya girki." In tsoma ta a ruwa, in iza wuta. In ya tafasa in ɗaga murya in faɗa maka, kai kuma kana can kana kallon allura. In ta hau inda ya kamata, ka ce ta faɗi gaskiya. In ba ta hau ba, ba za ta shiga motar kowa ba. Ko sau ɗaya ba ka bari na ƙona karana a kan aikinka ba. Kafin ƙarfen ya faɗo, damin kara ya riga shi.

Na taɓa tambayarka wannan wahala ta mece ce. Ka ce direban da ba shi da agogo yana tafiya da tsoro, yana tsayawa ya duba ruwa. Wanda agogonsa ke masa ƙarya kuwa hankalinsa kwance yake har injin ya buga.

Yaya Dabo, ga abin da ya hana ni sukuni.

A watan Muharram na tafi Bagwai wajen haihuwar 'yata Safiyatu. Da na dawo, Tasi'u ya jefo wata sensa kamar kullum. Ruwa ya tafasa, na faɗa masa. Can ya ce, "Ƙara wuta." Na ce, "Tasi'u, ruwan har zuba yake." Ya ce, "Ba ta wuce rabi ba." Tun muna yara ban taɓa jin muryarsa haka ba, ba ko ɗigon wasa a ciki.

Ya zagayo ya tsaya a zaure ya ce mini biyu ya sayo a kwali ɗaya. Ɗayar tana jikin wata farar bas mai jigilar mata 'yan kasuwa daga Makoda. Direban baƙo ne, ranar ya fara zuwa, ya zo da mota cike da mutane yana roƙo, ni kuma ba na nan, sai ya sa masa ba dafawa. Ba shi da lambarsa. Ya ce ranar kasuwa zai tare shi a tasha ya cire. Washegari zazzaɓin ya kama shi.

Ban tambayi sunan direban ba, don ba al'adata ba ce tambayar sunayen maza, ban kuma san zan nema ba. Hure ta ce yana kwance yana ta maimaita "farar bas", suna ɗauka zafin ciwo ne. Kafin a kira ni, harshensa ya riga ya yi nauyi.

Mai yiwuwa waccan lafiyarta lau. Ban sani ba, ba kuma zan faɗi abin da ban sani ba. Amma duk motar da na ji ta wuce sai in hango a raina mata da goyo a tsaye a bakin hanya, ba gari gaba ba gari baya, mota na tururi. Direban nan ba zai tsaya ya duba ba, saboda an ce masa aikin Tasi'u ba ya ƙarya. Amincin Tasi'u ne zai kai su inda nake tsoro. Ina kuma jin tsoron a tambaye shi haƙƙin da ya mutu da niyyar saukewa. Ni shaida ce ya yi niyyar.

Don Allah a bincika a tasha. Agogon baƙi ne, zagayayye, yana dama da sitiyari. Wanda ya san an sa masa irinsa a garejin Tasi'u cikin Muharram, kada ya ƙara yarda da allurar sai an cire sensar an gwada. Tukunyata na nan. Ɗayar da ta yi ƙarya tana hannuna, in ana son gani a gane irinta.

Tasi'u, Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya sa duk ran da ya isa gida lafiya ta dalilinka ya zama haske gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarku Inna Hafsatu, da Hure da 'ya'yanta, da kai Yaya Dabo, da duk abokan aikinsa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Ina roƙon ka aiko mini da amsa da wuri, kafin kasuwa mai zuwa. Ko ba a samu motar ba, ka sanar da ni an fara nema.

Ƙanwarka,
Barira